Lauyan Masu Neman Mafaka: Mai Binciken Mudun Hukuma

Aikin wannan lauya yana somawa ne daga inda na hukuma ya ƙare. Mutum ya gudo daga ƙasarsa, ya roƙi wata ƙasa ta ba shi mafaka. Jami'i ya zaunar da shi, ya yi masa tambayoyi ta bakin tafinta, ya rubuta abin da ya ji. Bayan watanni, wani lokaci shekaru, sai a miƙo masa takarda mai hatimi: an duba, ba a gamsu ba, ya shirya komawa inda ya fito. Da wannan takarda yake yin sallama a ofishin lauya. Ita da labarin da ke bakinsa su ne ɗanyen kayan sana'ar. Abin da ake so a ƙera da su kuwa shi ne umarnin kotu da zai ce wa hukuma ta koma ta sake, domin ba ta bi ƙa'ida ba.

A ƙauyukan ƙasar Gwandu da Kalgo, irin su Wurogauri, sana'ar da ido ya saba gani ita ce noma da kiwo da fatauci. Amma hijira ba baƙuwa ba ce a nan. Daular da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya riƙe yammacinta daga Gwandu ta samo tushe ne daga hijirar da Shehu Usmanu da jama'arsa suka yi daga Degel zuwa Gudu a 1804. Yau ma ƙafa ba ta daina tafiya ba. Jihar Kebbi tana da iyaka da Nijar da Benin, kuma daga Kamba zuwa Gaya ba wata tafiya ba ce. A 2019 fiye da mutum 40,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. A 2016 'yan Nijeriya sama da 37,000 suka isa Italiya ta teku, da yawansu suka nemi mafaka. Duk inda aka samu mai neman mafaka, za a samu wanda aka ƙi, kuma duk inda aka samu wanda aka ƙi, akwai aikin wannan lauya.

Ma'aunin da hukuma take riƙe da shi

Kafin lauya ya ce an yi kuskure, sai ya san ma'aunin ciki da waje. Tushensa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta 1951, wadda Nijeriya ta shiga a 1967. Ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda ya bar ƙasarsa saboda tsoro mai dalili na cewa za a zalunce shi kan ɗaya daga abubuwa biyar: launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar asali, ra'ayin siyasa, ko kasancewa cikin wani rukuni na jama'a. Sashe na 33 ya hana mayar da irin wannan mutum inda ransa ko 'yancinsa zai shiga haɗari. Ƙasashen Afirka sun ga ma'aunin ya yi ƙunci, sai suka faɗaɗa shi a Addis Ababa a 1969, suka haɗa da wanda yaƙi ko mamaya ko babbar tarzoma suka kora. Shi ya sa Nijar ta karɓi mutanen Sabon Birni da Isa da 'yan bindiga suka kora a jumlace, ba tare da ta titsiye kowa shi kaɗai ba. Amma mutumin Isa ɗin nan, in ya kai Faransa ko Ingila, tambayar da za a yi masa daban ce: 'yan bindigar kai suke nema, ko kowa suke kashewa? In kai suke nema, don me? Me ya hana ka koma Legas ko Abuja ka zauna? A kan waɗannan tambayoyi ne ake kayar da 'yan Nijeriya da yawa.

Kowace ƙasa da matakalarta. A Nijeriya, doka mai lamba 52 ta 1989 ce ta kafa hukumar 'yan gudun hijira, da kwamitin tantancewa, da majalisar ɗaukaka ƙara ga wanda aka ƙi. An sabunta dokar a 2022. Daga nan sai Babbar Kotun Tarayya, wadda sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumi kan shige da fice, da biza, da korar baƙi. A Nijar dokar 1997 ce take aiki, ita ma da hukumar tantancewa da kwamitin sake duba ƙorafi. A Faransa wanda aka ƙi yana da wata guda ya kai kuka kotun mafaka ta ƙasa da ke Montreuil, a gefen Paris. A Ostireliya, inda ake kiran takardar bizar kariya, kwana 35 ne tsakanin hukuncin majalisar bita da rufewar ƙofar kotun tarayya.

Yadda ake koyo

Hanyar shiga ita ce ta kowane lauya: shekara biyar a jami'a, kamar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ko ta Ahmadu Bello a Zariya, shekara guda a makarantar horar da lauyoyi, wadda ɗaya daga rassanta yake Bagauda a Kano, sannan a kira mutum ya sa baƙar riga da hular gashi. Amma wannan reshe ba a aji ake ƙwarewa a kansa ba. A ƙarƙashin babban lauya ake koyonsa, ana ɗaukar masa fayil, ana zama a bayansa a kotu, ana rubuta takarda yana jan jan biro a kanta. Yaron da zai yi nisa shi ne mai haƙurin karatu da haƙurin sauraro. Mai son a ji muryarsa a kotu kawai, gara ya nemi wani fannin.

Sauraro

Zaman farko ba na rubutu ba ne sosai. Wanda ya zo a tsorace yake, kuma an riga an ƙaryata shi sau ɗaya. Gwanin lauya yakan fara da tambayar kwana da gajiya da iyali, ya sa a kawo ruwa, ya bayyana masa cewa abin da aka faɗa a ɗakin nan amana ne. Sai ya bar shi ya zuba labarin yadda ya zo masa, ko da ya fara daga ƙarshe. A zama na biyu da na uku ne ake jera shi: wane gari, wace shekara, wa ya zo, me ya ce, wa ya gani.

A nan ne lauyan da ya san mutanensa yake fin wanda bai sani ba. Manomi ba ya riƙe kwanan wata irin na ofis. Zai ce abin ya faru bayan an cire gero, ko tsakanin Sallah ƙarama da babba, ko ranar kasuwar garinsu. Jami'in Turai ya matsa masa ya faɗi wata, ya faɗi ɗaya yau, gobe ya faɗi wani, sai a rubuta cewa maganarsa tana karo da juna. Mace takan ƙi ambaton sunan mijinta ko na ɗan farinta saboda kunya, a ɗauka ba ta san su ba. Wadda aka yi wa fyaɗe ba za ta faɗa a gaban tafinta namiji ba, balle in ɗan yankinsu ne. In ta faɗa daga baya, a ce ƙari ta yi. Saurayi ya sunkuyar da kai don ladabi, a ce ɓoye-ɓoye yake yi. Tafinta Bakano ya fassara Basakkwace ko Ba'are, wani abu ya zame a tsakani. Aikin lauya ne ya tsinto waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki kalandar Musulunci ya gano ranar da Sallar waccan shekara ta faɗo, ya nemi tafinta mace, ya sa a karanta wa mutum bayaninsa da harshensa kafin ya sa hannu ko ya dangwala.

Daga nan sai hujjoji. Wanda ya gudu da dare ba ya tsayawa ɗaukar takardu, don haka ana tattara abin da ya samu: rahoton likita kan tabon harsashi ko na sara, hoton gidan da aka ƙona, saƙon murya na barazana a WhatsApp, wasiƙar mai gari, labarin jarida na ranar harin, rahotannin ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam. Kowace takarda sai an san wa ya aiko ta, ta wace hanya, domin takardar jabu guda ɗaya tana iya rusa gaskiya goma.

Neman kuskure

Zuciyar sana'ar tana cikin karatun takardar ƙi. Lauya yakan ajiye ta gefe guda, rubutaccen bayanin hirar da aka yi da mutumin a ɗaya gefen, ya bi su layi-layi. Dole kuma ya san wace ƙofa yake bugawa, domin ƙofofin biyu ne. A ɗaukaka ƙara, ana sake sauraron labarin gaba ɗaya, ana iya kawo sabuwar hujja, kuma mai sauraro yana iya cewa a ba mutum mafaka. A bitar kotu kuwa alƙali ba ya tambayar ko tsoron mutumin gaskiya ne. Abin da yake tambaya shi ne ko wanda ya yanke hukuncin ya yi aikinsa bisa doka. Ba hatsin ake sake aunawa ba, mudun ake dubawa: ko an bubbuge gindinsa, ko mai awo ya danne da hannu.

Kurakuran da ake nema sanannu ne. Jami'i ya yi amfani da ma'aunin da ba shi doka ta ce ba. An miƙa masa rahoton likita bai ko ambace shi ba. Ya dogara da wani bayani da ya saɓa wa mai nema, bai nuna masa ba balle ya ji amsarsa. Tafinta bai iya harshen ba, mutumin ya yi ƙorafi, aka ci gaba. Hukuncin bai faɗi dalili ba, ko dalilin ba ya shiga hankali. Ko kuwa mai hukuncin ya nuna ya riga ya gama yanke shawara tun kafin a buɗe baki.

Wanda ya taɓa zama a kotun shari'ar Musulunci ba zai ji wannan baƙon abu ba. A mazhabar Malikiyya, kafin alƙali ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja ko suka. Kotunan ɗaukaka ƙara na shari'a a Arewa sun sha rushe hukunci don kawai an tsallake wannan mataki, ko da alƙalin ƙasa yana ganin gaskiya a fili take. Malam Abdullahi na Gwandu kansa ya yi rubutu kan ladubban masu mulki da alƙalai a littafinsa Liya'ul Hukkam. Sashe na 36 na tsarin mulkin Nijeriya, mai tabbatar da haƙƙin a saurari mutum da adalci, kan wannan turba yake.

Ƙa'idar nan kuwa kaifi biyu gare ta, kuma mutanen Gwandu sun ga haka da idonsu. An sauke Alhaji Mustapha Jokolo daga sarautar Gwandu a 2005. Babbar Kotun Kebbi ta ba shi gaskiya a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Sakkwato ta tabbatar a 2016. A watan Yunin 2025 Kotun Ƙoli, alƙalai uku a kan biyu, ta rushe duka, bisa dalilin cewa ba a fara kai ƙorafi ga gwamna ba kafin a je kotu. Shekara 20 na shari'a suka tsaya a kan mataki ɗaya. Shari'a saɓanin hankali, in ji Hausawa. Shi ya sa abin da lauyan mafaka yake fara dubawa a takardar ƙi ba dalilan ba ne, kwanan watan da ke samanta ne. A Babbar Kotun Tarayya wata uku ne wa'adin neman bita, kuma sai an fara neman izinin alƙali. Wanda ya ajiye takarda a ƙasan akwati yana jiran ɗan'uwa ya aiko kuɗi, sau da yawa ya kashe ƙararsa da hannunsa.

Ranar kotu da abin da ake samu

In an gano kuskure, sai a zauna rubutu: takardar neman izini, bayanin dalilai, takardar rantsuwa da hujjojin da aka liƙa mata, da rubutaccen jawabin lauya mai ɗauke da hukunce-hukuncen baya. A kai rajista a biya, a buga hatimi, a ba ma'aikacin kotu ya kai wa hukuma sammaci. In ana shirin sa mutum a jirgi, sai an haɗa da roƙon gaggawa na a dakatar, wani lokaci cikin dare ake rubuta shi. Ranar zama ba a cika kiran shaidu ba. Lauya ne zai miƙe ya ce "Ya Mai Shari'a", ya nuna shafi da layi, lauyan gwamnati ya mayar da martani, a ɗage zuwa ranar hukunci.

Abin da ya fi wuyar bayyana wa wanda ake karewa shi ne ma'anar nasara. In an ci a bitar kotu, kotu ba ta ba da mafaka. Rushe hukuncin take yi, ta mayar da fayil ga hukuma a sake dubawa, kuma hukuma tana iya sake ƙi, wannan karon bisa ƙa'ida. Lauyan kirki yakan faɗi wannan tun ranar farko. Abin da yake sayarwa dama ce ta biyu, ba alkawari ba.

Duk da haka, damar tana da nauyi. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, ta kai shi Chadi da cewa ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta soke umarnin, ta ce ɗan Nijeriya ne, ta yanke masa diyyar Naira 350,000. A Ostireliya majalisa ta yi doka a 2001 don toshe hanyar kotu ga masu ƙorafin biza, amma a 2003 babbar kotun ƙasar ta ce ba a iya hana ta duba jami'in da ya wuce huruminsa. Akwai kuma nasarar da ta tsaya a takarda. A Janairun 2018 aka kama Sisiku Julius Ayuk Tabe da abokansa, jagororin 'yan awaren Kamaru, a wani otal a Abuja, aka miƙa su Yawunde tare da wasu, alhali cikinsu akwai masu neman mafaka. Lauya Femi Falana ya kai ƙara. A Maris 2019 Babbar Kotun Tarayya ta ce korar ta saɓa doka, ta ba da umarnin a dawo da su a biya su diyya. A watan Agusta na wannan shekara kotun soja a Kamaru ta yanke wa Ayuk Tabe da wasu tara ɗaurin rai da rai. Darasin da masu sana'ar suka ɗauka shi ne umarnin da ya zo kafin jirgi ya tashi ya fi hukunci mai kyau da ya zo bayansa.

Kuɗi da wahala

Kashe kuɗi yana farawa tun kafin a ga alƙali. Akwai kuɗin shigar da ƙara, da na rantsuwa, da na kai sammaci, da buga takardu kwafi-kwafi, da ladan tafinta, da na likita. Akwai hayar ofis, da man janareta, da kuɗin lasisin aiki da kowane lauya yake biya kafin ƙarshen Maris na kowace shekara. Hedikwatar hukumomin tana Abuja, kuma daga Birnin Kebbi tafiyar yini ce a mota, ga kwanan masauki. A je a tarar kotu ba ta zauna ba, a dawo, kuɗin motar ya tafi.

Mai biya kuwa shi ne wanda ya fi kowa rashi. Saboda haka a Nijeriya da wuya a samu wanda yake ci da wannan reshe shi kaɗai. Shari'ar fili da ta gado da rubuta yarjejeniyar ciniki su ne suke riƙe ofis, su ɗauki nauyin fayil ɗin ɗan gudun hijira. Wani lokaci hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ko ƙungiyoyin da take aiki da su suna biyan wani abu. Akwai hukumar ba da agajin lauya ta tarayya, wadda aka kafa a 1976, sai dai ma'aikatanta ba su kai yawan masu buƙata ba. Wasu kuma suna yi kyauta, ko don lada, ko don ana duba irin wannan aiki ga mai neman muƙamin babban lauya. A Turai ma ba daɗi ne ya yi yawa ba. A Ingila an shafe shekaru gwamnati tana biyan fam 413 a matsayin ladan matakin farko na fayil ɗin mafaka, aikin da yake cin kwanaki, har ofisoshi da yawa suka daina karɓa. A Ostireliya wanda ya faɗi a kotu ana ɗora masa kuɗin lauyoyin gwamnati.

Sauran wahalar ba ta kuɗi ba ce. Wanda yake yini yana jin labarin yanka da ƙone-ƙone yakan tafi da shi gida. Wayarsa ba ta hutawa, domin wanda ke tsare ba shi da wani sai shi. Jami'ai sukan yi masa kallon mai kare baƙi a kan ƙasarsa. Ga 'yan damfara da suka cika bakin hanyar, masu sayar wa matasa ƙagaggen labari da takardun jabu, su karɓe kuɗin gonar da aka sayar. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya: in labarin haya ya rushe a gaban jami'i, ba mai shi kaɗai yake cutarwa ba, har da na bayansa mai gaskiya. Lauya na gari ba ya ƙara gishiri, kuma in ya duba bai ga kuskure ba, yakan faɗa wa mutum kada ya ɓata kuɗinsa, ya nuna masa wata hanyar in akwai. Wannan ƙin karɓar aiki yana daga cikin abin da ake gane gwani da shi.

Ga ɗalibin lauya daga Gwandu ko Kalgo ko Kamba, akwai jarin da ya riga ya mallaka wanda ba a koyarwa a Bagauda. Ya tashi da Hausar yamma, wataƙila da Fulatanci ko Zabarmanci. Ya san lokacin da ake cire gero, ya san abin da mace ba za ta faɗa a gaban namiji ba, ya san i'izari tun kafin ya ji sashe na 36. In ya ƙara da Faransanci, zai iya karanta fayil daga Yamai ko Kwatano. Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, maganar takardu a kan wannan iyaka ta ƙara nauyi, kuma masu buƙatar wanda zai karanta musu hukunci ya ƙirga musu kwanaki ba raguwa za su yi ba. Sana'ar ba ta sa mutum ya yi kuɗi da wuri, amma halal ce, kuma masu yin ta a wannan yanki ba su da yawa.